Tsakin gilashin da ɗalibanka suka wanko daga yashi: me ke cikinsa, kuma daga ina ya fito?

Tambaya: "Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Damagaram. Bayan ruwan da aka yi, ni da ɗalibaina mun ɗebo yashi daga bakin korama da kuma ƙarƙashin indararon aji, muka wanke, muka duba a mikroskof. Mun ga wasu ƴan ƙananan dunƙule-dunƙule masu sheƙi, ko ƙwayar gero ba su kai ba. Wasu baƙaƙe ne, mayen ƙarfe yana kama su. Wasu kuma garau kamar kwalba. Na taɓa jin cewa idan dutse ya faɗo daga sama yakan bar irin wannan. Da me aka yi su, kuma ta yaya za mu gane ko namu na sama ne?"

Malam, barka da ƙoƙari. Malamin da zai fita da ɗalibansa bakin korama su ɗebo yashi su wanke da hannunsu ya riga ya ɗora su a kan hanya, domin mu ma masu nazarin duwatsu da haka muke fara kowane aiki.

Abin da ka ji gaskiya ne. Idan babban dutse ya faɗo daga sama ya daki ƙasa, akan samu ɗigo-ɗigon gilashi su watsu nesa da wurin. Manyan, masu girman goro ko ƙwan zabo, ana ce musu tektit, sunan da wani masanin duwatsu ɗan Ostiriya, Franz Eduard Suess, ya raɗa musu a 1900 daga kalmar Girkanci mai nufin narkakken abu. Waɗanda ba su kai milimita 1 ba, wato kamar irin alayyafo ko ƙasa da haka, su ne mikrotektit. Ni tsakin gilashi nake ce musu, don sun fi kama da tsakin da ke saura a faifai. Sai dai ga inda mutane da yawa ke ɓata: gilashin nan ba ɓarɓashin dutsen da ya faɗo ba ne. Ƙasar wurin da aka daka ce ta narke. Baƙon da ya zo daga sama zafi da ƙarfin duka ya kawo, naman jikin gilashin kuwa na wannan duniya tamu ne. Duk abin da zan faɗa maka a kan sinadarinsa daga nan ya taso.

Ka fara da gudun. Dutsen sama mai girma ba ya shigowa da gudun da ya gaza kilomita 11 a daƙiƙa, kuma yawanci yakan kusanci kilomita 20 a daƙiƙa. Tafiyar Damagaram zuwa Yamai, wadda mota ke wuni tana yi, shi ko minti ɗaya ba zai cika ba. Idan abu mai faɗin ɗaruruwan mitoci ya tsaya cak daga irin wannan gudu, duk ƙarfin ya koma zafi da matsi a lokaci guda. Shi kansa dutsen mafi yawansa tururi yake zama. Fatar ƙasar wurin ta narke, ta yi tsartuwa sama kamar yadda ruwa ke fantsama idan an jefa dutse a tabki, wani sashen har ya wuce inda iska take da kauri. A can narkakken ya tsinke ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo yana juyawa yana hucewa, ya daskare tun bai dawo ƙasa ba. Shi ya sa siffarsu take haka: mafi yawa a mulmule, wasu kamar ɗigon hawaye, wasu masu siririn ƙugu kamar kalangu, saboda juyawa ta kusa raba su biyu sai sanyi ya riske su.

Gilashi kuma ba sunan wani sinadari ba ne, sunan yanayi ne. Idan narkakken dutse ya huce a hankali, ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa sukan samu lokaci su jeru sahu-sahu kamar masallata, shi ne ke ba da ƙwayoyin da kake gani a jikin manyan duwatsun nan na Birni. Idan ya huce farat ɗaya, kowace ƙwaya a inda take za ta daskare, kamar a ce an tsayar da jama'ar Kasuwar Dole cak ana tsakiyar cin kasuwa. Wannan rashin sahun shi ne gilashi.

To me ke ciki? Babban rabo na silika ne, wato sinadarin farin yashi. A yawancin tektit tana tsakanin kashi 65 zuwa 80 cikin 100. Bayanta sai alumina, sinadarin da ke yawa a yumɓu, kashi 10 zuwa 17. Sai ƙarfe, daga kashi 2 zuwa 6 ko ɗan fiye, sannan maganiziyam, kalsiyam, fotasiyam da sodiyam, kowanne ƴan kashi kaɗan, da titaniyam da bai kai kashi 1 ba. Wanda ya saba da auna duwatsu yana ganin wannan jeri zai ce maka ai wannan laka ce da yashi da suka gauraya, irin abin da ruwa da iska ke tarawa a saman ƙasa. Ka gwada shi da dutsen sama na gama-gari: silikarsa ba ta cika wuce kashi 40 ba, maganiziyam ya kusanci kashi 25, ƙarfe ya haura kashi 20, alumina kuwa kashi 2 ne da ɗan abu. Ko kusa ba su haɗa dangi ba.

Amma gilashin duwatsu masu aman wuta ma yana da silika mai yawa haka, kuma shi ma baƙi ne mai sheƙi. Charles Darwin kansa, da aka ba shi wani tektit na Ostareliya, a matsayin gilashin aman wuta ya bayyana shi a 1844. Abin da ya raba gardama shi ne ruwa. Gilashin aman wuta yana riƙe da ruwa a jikinsa, daga kashi 0.1 zuwa kashi 1 ko fiye. Tektit kuwa abin da ke cikinsa bai cika wuce kashi 0.02 ba. Cikin duk gilashin da Allah Ya halitta a doron ƙasa yana daga cikin mafiya bushewa, alhali daga laka mai danshi ya fito. Ka tuna yadda mata ke soya man shanu: yana kan wuta yana kumfa yana ƙara, har ruwan ya gama fita, man ya kwanta shiru. Haka ya faru da narkakken nan, sai dai cikin ƴan daƙiƙoƙi, a zafi mai tsanani, kuma a sama inda iska ba ta da nauyin da za ta danne tururin. Saboda haka idan ka sa guntun gilashin aman wuta a harshen wutar mai walda zai kumbura ya yi kumfa fari, tektit kuwa sai dai ya yi laushi ya narke ba tare da kumfa ba.

Shaida ta biyu tana wajen ƙarfen. Ƙarfe a cikin dutse iri biyu ne: akwai wanda ya sha iskar oksijin ya ƙoshi, shi ne tsatsa, shi ke ba jar ƙasa da marmara launinsu, da jan tukwanen Mirya. Akwai kuma wanda bai ƙoshi da ita ba, mai ba da launin kore-kore ko baƙi. Ƙasar sama da muke takawa cike take da na farkon. Amma a cikin tektit kusan duk ƙarfen na biyun ne. Zafin ya ƙwace masa oksijin ɗin, kuma ya daskare kafin ya sake samun wata. Wannan ne dalilin da ya sa idan ka haska tsakin gilashi na gaskiya ta ƙasa za ka gan shi ruwan zuma, ko kore kamar kwalba, ko ruwan ƙasa mai duhu, ba ja ba.

Shaida ta uku ita ce ta fi burge ni, domin ido na iya ganinta. A cikin ɗigon akan samu wasu ƴan zare-zare a murɗe, na tsantsar silika, waɗanda ba su gama gaurayuwa da sauran ba. Ƙwayoyin farin yashi ne da suka narke ɗaya-ɗaya, kuma farin yashi ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700. Babu dutse mai aman wuta a yau da ke kaiwa nan. Zaren yana gaya maka abu biyu a tare: zafin ya wuce misali, kuma bai daɗe ba, don da ya daɗe da komai ya haɗe kamar kunu mai kyan dama.

Idan aka sauko kan ƙananan, wato tsakin da ka tambaya a kai, sai lissafin ya ƙara faɗi. Wani Ba'amurke, Billy Glass, shi ya fara bayyana su a 1967, daga lakar da aka haƙo a ƙarƙashin teku. Da aka auna su ɗaya-ɗaya sai aka ga ba su da daidaito irin na manyan. Wannan silikarsa ta haura kashi 75, maƙwabcinsa a cikin laka ɗaya ta sauka kusan 50. Akwai wasu koraye shar masu maganiziyam da ya kai kashi 20. Dalili biyu ne. Na farko, babban tektit ya haɗiye ƙasa mai yawa, ya zama matsakaicin duk abin da ke wurin, kamar mudun gero da aka ɗebo daga rumbu. Ƙaramin kuwa ƴan ƙwayoyi kaɗan ne suka haife shi, idan ya dace da ƙwaya mai maganiziyam sai ya ɗauki halinta. Na biyu, ƙaramin ɗigo kusan duk jikinsa fata ne, don haka abin da ke saurin tashi a zafi ya fi saurin guje masa. Ruwa ke fara fita, sai su tutiya da darma da sodiyam da fotasiyam, idan zafin ya tsananta har silika ta fara raguwa. Masu taurin kai, kalsiyam da alumina da titaniyam, su ke zama. A 2008 wani ayari ƙarƙashin masanin Italiya Luigi Folco ya ba da labarin tsakin gilashi a kan duwatsun Antaktika, ƴan'uwan na kudu maso gabashin Asiya, bayan tafiyar kusan kilomita 11,000. Sodiyam da fotasiyam ɗinsu sun yi ƙasa sosai in an gwada da na waɗanda suka faɗi kusa. Wanda ya fi shan zafi shi ya fi nisan tafiya, kuma sinadarinsa ya nuna.

Sanannun filayen da tektit suka watsu guda huɗu ne, kuma ɗaya a nan Afirka ta Yamma yake. Na Amurka ta Arewa ya kai shekara miliyan 35, raminsa yana binne a ƙarƙashin mashigin ruwan Chesapeake. Na tsakiyar Turai, koraye masu kyau da ake sa wa a zobe a ƙasar Cek, silikarsu wajen kashi 80, daga ramin Ries na Jamus suka fito kusan shekara miliyan 15 da suka wuce. Na Asiya da Ostareliya shi ne mafi faɗi kuma mafi ƙuruciya, wajen shekara 790,000, ya rufe aƙalla kashi 10 cikin 100 na doron duniya, amma har yau ba a tabbatar da raminsa ba. Namu kuwa na Kodebuwa ne, kuma a kansa nake so in tsaya.

Kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, garin da fataken Hausa suka daɗe suna zuwa neman goro, akwai wani tabki zagayayye da ake kira Bosumtwi. Yana zaune a cikin rami mai faɗin kilomita 10 da rabi. A 1934 masanin Faransa Alfred Lacroix ya bayyana wasu baƙaƙen tektit da aka samo a Kodebuwa, wajen kilomita 300 yamma da tabkin. Daga baya aka samu tsakinsu a lakar Tekun Atalantika, daura da gaɓar Afirka ta Yamma. Ga ma'auninsu: silika wajen kashi 68, alumina kusan 17, ƙarfe 6, maganiziyam 3 da ɗoriya, kalsiyam 1 da ɗoriya, sodiyam da fotasiyam kowanne kusan 2. Wannan kunnen doki na sodiyam da fotasiyam tsagar gadonsu ce, domin a sauran filayen fotasiyam ke rinjaye. Da aka auna duwatsun da ke kewaye da tabkin sai aka tarar da tsaga iri ɗaya.

Ba a tsaya nan ba. Kowane ɗigo yana ɗauke da shekarun haihuwa biyu. Akwai wani nau'in fotasiyam da ke rikiɗa a hankali, rabinsa a duk shekara biliyan 1 da miliyan 250, wani sashen abin da ya rikiɗa ya zama iskar argon. Lokacin da dutse ya narke, duk argon ɗin da ya tara sai ya tsere, agogon ya koma sifiri. Idan ka auna argon ɗin da ya sake taruwa, ka san ranar narkewa. Na tektit ɗin Kodebuwa da na narkakken dutsen bakin Bosumtwi duka sun ba da shekara miliyan 1 da dubu 70. Akwai kuma wani agogon, na rubidiyam da sitronshiyam, wanda narkewar ƴan daƙiƙoƙi ba ta goge shi ba, shi kuma ya nuna shekara wajen biliyan 2, daidai da tsofaffin duwatsun Gana masu zinariya. Ranar haihuwar ɗa ta dace, shekarun uwa ma sun dace. A 2004 aka kai injin haƙa tsakiyar tabkin, aka ciro laka da dutse daga ƙasansa, a saman tarkacen da ya koma cikin ramin aka tarar da ƴan ɗigon gilashi masu irin wannan sinadari. A ganina babu wani fili cikin huɗun da shaidarsa ta fi wannan tsabta, kuma ya kamata kowane ɗalibi a yankinmu ya san da shi.

To baƙon fa, bai bar komai ba? Ya bari, amma kamar daddawa a tukunyar miya: kaɗan ce, ƙamshinta ne ke tona ta. Akwai ƙarafan da suka yi ƙaranci ƙwarai a fatar duniya domin sun nutse can cikin cibiyarta tun farkon halitta, amma suna nan a jikin duwatsun sama. Nikel ya haura kashi 1 cikin 100 a dutsen sama na gama-gari, a ƙasar da muke nomawa kuwa ko kashi 0.01 bai kai ba. Iridiyam ya ninka na fatar duniya sau dubbai. Saboda haka ko ɗan mitsitsin rabo ya shiga, ma'auni zai motsa. A 1993 Christian Koeberl da Steven Shirey suka auna osmiyam, ɗaya daga irin waɗannan ƙarafa, a tektit ɗin Kodebuwa, suka tarar rabon baƙon bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran duka ƙasar Gana ce.

An daɗe ana jayayya kafin a yarda da haka. Har cikin shekarun 1960 akwai manyan masana a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da suka tsaya kai da fata cewa daga duniyar wata tektit suke faɗowa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, tunda bushewar gilashin ta dace da wurin da babu ruwa. Da aka dawo da duwatsun wata daga 1969 aka auna, sai aka ga sinadarinsu bai yi kama da na tektit ba. Daga baya aka sami wani nau'in beriliyam a tektit ɗin Asiya, irin wanda ke samuwa a sararin samaniyarmu, ruwan sama ya sauko da shi ya manne a saman ƙasa. Wannan ya nuna daga duniya suke, kuma daga fatarta ta sama-sama.

Sinadarin yana iya ba da labarin da ya fi asalin wuri girma. Shekara miliyan 66 da suka wuce dutse ya faɗa a Chicxulub, a yankin Yukatan na Meziko, ya bar rami mai faɗin wajen kilomita 180, a zamanin da manyan dabbobin nan da ake kira dinoso suka ƙare, dangin waɗanda ake tono ƙasusuwansu a Gadufawa da Ingal. A Beloc, cikin ƙasar Haiti, an samu ɗigon gilashinsa iri biyu. Baƙaƙen silikarsu wajen kashi 63 ce. Rawayen kuwa kalsiyam ɗinsu yana kaiwa kashi 30, ga farar wuta a ciki. Wato dutsen ya sauka a kan farar ƙasa da gishirin dutse mai farar wuta, dangin abin da ake haɗa siminti da shi a Malbaza. Rawayen ɗigon su ne shaidar cewa farar wuta mai tarin yawa ta tashi sama a ranar, ita ce kuma ta taimaka wajen tare hasken rana da sanyaya duniya. A namu Sahara kuma, a yammacin Masar kusa da iyakar Libiya, akwai wani gilashi ruwan ɗorawa mai shekara wajen miliyan 29, silikarsa kashi 98, domin tsantsar dutsen yashi ne ya narke. An sassaƙa buzuzu da shi a abin ƙirjin Fir'auna Tutankamun.

Yanzu mu dawo kan naku, Malam, kuma zan faɗa maka gaskiya yadda take. Da wuya ƙwarai a ce mikrotektit ne. Gilashi ƙarami ba ya jure zama a ƙasa mai danshi da zafi. A hankali ruwa ke cinye shi ya mayar da shi yumɓu. Ga gara tana juya ƙasa, ga iskar hunturu tana kwasa tana zubarwa. Shi ya sa kusan duk waɗanda aka sani daga ƙasan teku aka ciro su, inda laka ke kwanciya santimita kaɗan a shekara dubu ba mai taɓa ta, ko daga sanyin Antaktika. Damagaram kuma ba ta cikin ko ɗaya daga filayen nan.

Baƙaƙen da mayen ƙarfe ke kamawa sun riga sun fitar da kansu, don tektit ba ya bin mayen ƙarfe yadda za ka gani da ido. Mafi yawansu tartsatsin walda ne da na injin gurza ƙarfe da na maƙera. Kowane tartsatsi ɗigon ƙarfe ne da ya narke, ya mulmule a iska, ya daskare, kuma iska na ɗaukarsa ta kai shi rufin da ke nesa. Amma kada ku zubar da su. A cikin irinsu ne ake samun ƙurar sama ta gaskiya, wato ƴan ƙananan duwatsun sama da suka narke da kansu wajen shigowa, kuma waɗannan kam naman jikinsu na sama ne. An ƙiyasta tan 5,000 da ɗoriya ke sauka a duniya duk shekara. Wani ɗan Norwe, Jon Larsen, ya tattara wajen kilo 300 na dattin indararo, aka tace, aka samu 500 na gaskiya, aka wallafa a 2017. Ka ga yawan dattin, ka ga yawan abin da aka samu. Abin da ke raba su da tartsatsin walda shi ne maganiziyam da silika da ɗan nikel a daidai rabon duwatsun sama, yayin da na walda ƙarfe ne kusan zalla, da ɗan manganis da titaniyam daga bawon sandar walda.

Masu garau ɗin kuma, idan sun mulmule sosai ba tabo ba launi, ina kyautata zaton ƙwayoyin gilashin da ake barbaɗawa a fentin titi ne don ya riƙa haske da dare. Sinadarinsu na kwalba ne: silika wajen kashi 72, sodiyam wajen 14, kalsiyam wajen 10. Wannan sodiyam mai yawa ɗan'uwan kanwa ne, mai yin gilashi ke zuba shi da gangan don yashi ya narke a wutar da ɗan Adam zai iya hurawa. Tektit sodiyam ɗinsa bai cika wuce kashi 2 ba. Akwai kuma gilashin gobara: idan rumbu ko tarin karan gero ya ci wuta sosai, tokar da yashin ƙasa sukan narke su ba da ɗigo mai kumfa, cike da fotasiyam, sinadarin nan da ke sa ruwan toka ya yi kaifi. Sai kashin maƙera na tsofaffin wuraren narka tama, wanda ƙarfensa ke kai rabin nauyinsa. Sai gilashin aradu, wanda tsawa ke yi idan ta faɗa kan rairayi, bututu mai kaushi a waje da santsi a ciki. An tattara su da yawa a rairayin Tenere da na Bilma, a wuraren da yanzu da ƙyar ake ganin hadari, suka zama shaidar cewa a da damina tana kaiwa can. Shi wannan daban yake da abin da ake kira gatarin aradu, wanda aikin hannun mutanen da ne.

Akwai gwajin da za ku iya yi a aji ba tare da kashe ko dala ba. Ka je wurin masu gyaran waya ka roƙi ƴar baƙar ledar nan da ke manne a fuskar mataccen allon waya ko na kalkuleta, guda biyu. Ka ɗora ɗaya a kan ɗaya kana juyawa har haske ya daina wucewa. Ka sa ɗaya ƙarƙashin ƙwayoyin, ɗaya a sama, a wannan yanayin na duhu, ka duba a mikroskof kana juya faifan. Ƙwayar yashin da iska ta goge har ta mulmule za ta riƙa haske tana mutuwa, saboda ƙwayoyin zarrarta a sahu suke. Gilashi kuwa duhu zai ci gaba da yi ta kowace fuska. Da wannan kaɗai za ku tsame fiye da rabin abin da ya ruɗe ku, kuma yaran za su ga bambancin sahu da rashin sahu da idonsu. Waɗanda suka tsallake, a ɗiga musu ruwa ko man gyaɗa a duba cikinsu, a nemi zaren nan mai murɗewa da ƴan kumfa, a lura da launi.

Hukuncin ƙarshe sai da na'ura. Akan binne ƙwayar a cikin danƙo mai tauri, a goge ta har a kai tsakiyarta, a harba mata wani siririn hasken lantarki da bai fi kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba. Kowane sinadari sai ya mayar da irin nasa hasken, na'urar ta ƙirga. Ka fara da malaman ilimin ƙasa na Jami'ar André Salifou a nan gida, ko na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, su za su san wanda ke da irin na'urar cikin abokan aikinsu.

Kada wannan ya sa yaran su ɗauka ƙasarmu ba ta da rabo da sama. Akwai dutsen sama da ke ɗauke da sunan garin nan a kundin masana na duniya: an tsince shi kusa da Zinder a 1999, nauyinsa giram 46 kacal, ƙarfe ne da nikel da ƙwayoyin dutse a ciki, kuma irinsa kaɗan ne a duniya. A Zagami ta ƙasar Katsina wani mai kilo 18 ya faɗo a watan Oktoba na 1962, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars yake. Wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, mai kusan kilo 25, shi ma na Mars, an yi gwanjonsa a New York a 2025 a kan sama da dala miliyan 5. Abin yana ci mini rai, domin dutsen da ya bar ƙasa ba tare da an rubuta inda aka same shi da yadda yake kwance ba ya tafi da rabin labarinsa, kuma ɗalibanmu ba za su taɓa riƙe shi a hannu ba.

Saboda haka ku fara da rubutu. Kowane abin da kuka tsame ku sa shi a ƴar kwalbar allura da aka wanke ta bushe, ku manna takarda: wuri, rana, daga indararo ko daga korama, nauyin yashin da aka wanke, da nisan wurin daga titi da shagon walda mafi kusa. Ku ɗaura mayen ƙarfen a cikin leda kafin ku ja shi a kan yashi, don ƙwayoyin su zubo idan kun zare shi. Damina mai zuwa, ruwan farko, ku nemi rufin kwano a wani ƙauye da ke nesa da kwalta, ta wajen Tanut ko Gure, ku tari abin da ya wanko, ku gwada yawan baƙaƙen da na cikin gari.